Tallafin gidauniyoyi ga naƙasassu da masu ƙaramin ƙarfi: ina kuɗin ke bi kafin su iso Tawa?

Wai ina kuɗin da ake cewa an turo wa naƙasassu suke shiga? Duk wanda ke zama a fada ko a inuwar ƙofar masallaci a Tawa ya ji wannan tambayar, ba sau ɗaya ba. Takan taso ne bayan an nuna a talabijin an jera kekunan guragu da buhunan shinkafa a wani fili, manya sun yi jawabi, an ɗauki hoto. Washegari sai a duba unguwa a ga gurgun da kowa ya sani yana nan yana rarrafe kamar jiya, makauniyar da ke zama bakin kasuwa ko labarin ba ta ji ba. Daga nan magana ta rabu biyu. Wasu su ce kuɗi sun zo da sunan kowa, ƴan biro suka cinye. Wasu su ce dama babu wani tallafi, hoton kawai ake nema.

Cin amana yana faruwa, babu mai rantsuwa a kan babu shi. Amma ko da a ce kowane ma'aikaci waliyyi ne, da yawan mabuƙata ba za su samu ba, saboda kuɗin gidauniya takarda suke bi, wanda ya fi kowa buƙata kuwa shi ya fi kowa nisa da takarda.

Gidauniya daban, ƙungiya daban, zakka daban

A bakin jama'a duka "porje" ne. Farar mota mai tambari a ƙofa ta shigo gari, porje ya zo. Alhali abubuwa ne mabambanta.

Gidauniya dukiya ce da wani mutum, ko iyali, ko kamfani ya keɓe, ya ce daga yau ta fita daga hannunsa, ta zama ta wani aikin alheri da ya ambata. Sau da yawa ba a taɓa uwar kuɗin, juya ta ake yi ana raba ribar. A Amurka doka ta wajabta wa irin waɗannan gidauniyoyi fitar da kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu kowace shekara. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Musulmi, don shi ne waƙafi. Da Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibara, Manzon Allah (SAW) ya shawarce shi ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Nijar ma yanzu tana da hukumar ƙoli mai kula da waƙafi.

Akwai kuma gidauniyoyin da ba su da ajiyayyar dukiya, gudummawa suke tarawa shekara-shekara. Mun ga irinsu a hannun matan shugabannin ƙasa: Magama, Guri, Tattali Iyali, Noor. Sun yi ayyukan da aka gani, sai dai mai ba da gudummawa ya fi saurin buɗe aljihu lokacin da mai gidauniyar ke fadar shugaban ƙasa, kuma wannan ba a Nijar kaɗai ba ne.

Ƙungiya mai zaman kanta, wadda aka fi sani da ONG, yawanci ba ta da dukiyar kanta. Ita ce hannun da ke aiki da kuɗin wani. Sai ƙungiyoyin naƙasassu su da kansu, kamar tarayyar ƙasa ta FNPH da ƙungiyar makafi ta UNAN, waɗanda mambobinsu su ne masu lalurar. Ƙungiya ba ta aiki a hukumance sai ta samu izinin ma'aikatar cikin gida, kuma dokar ƙungiyoyi ta 1984 ce tushen wannan tsari.

To, shi tallafin fa? Kyauta ce mai sharaɗi. Ba a biya kamar bashi, ba ya zuwa duk wata har abada kamar fansho, kuma ba zakka ba ne. Zakka haƙƙi ce da Allah ya yanka, ɗaya cikin arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, ya kuma ambaci kashi takwas na masu cin ta a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Naƙasa ba ta cikin takwas ɗin da sunanta. Talauci ne ke shigar da naƙasasshe, makaho mai dukiya kuwa shi ma fitarwa zai yi. A gidauniya, wanda ya ajiye dukiyar shi ke yanke wa za a ba, a ina, har yaushe. In ya rubuta cewa kuɗinsa na yara ne masu lalurar ƙafa, makaho ɗan shekara 40 ba zai samu ko dala ba, komai tsananin halinsa. Ma'aikacin da ya ce masa "ba ka ciki" shi zai sha zagi, don zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Su nawa ne, kuma kuɗin nawa ne?

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu naƙasassu 715,497 a Nijar, wato kashi 4.2 cikin 100 na mutum miliyan 17 da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a rahotonta na 2022 ta ce kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da wata naƙasa mai tsanani. Tazarar ba ta nufin Allah ya fi tsare mu. Tambayar ce ta bambanta. In mai ƙidaya ya ce wa maigida "akwai naƙasasshe a gidan nan?", zai tuna gurgu da makaho, amma ba zai lissafa tsohuwar da yanar ido ta rufe ba, "tsufa ne". Ba zai ambaci ƴarsa mai farfaɗiya ba, don kada a ji a ƙi aurenta. Mai taɓin hankalin da ke ɗaure a ɗakin baya kuwa, "iskoki ne", ba a sa shi a lissafi.

Ko mu tsaya ga ƙaramin adadin, a yi lissafi. A ƙaddara wata gidauniya ta ba da miliyar ɗaya na sefa, adadin da in aka faɗe shi a rediyo gari zai ɗauka. A raba wa mutum 715,497: kowa bai kai ga jika ɗaya da rabi, wato sefa 1,500, ba. In miliyan 25 ne, dala bakwai-bakwai, wato kimanin sefa 35, za a tashi da ita. Yawan jama'a kuma ya ƙaru ƙwarai tun 2012. Shi ya sa babu gidauniyar da ke raba wa kowa. Dole ta zaɓa, zaɓen nan kuwa shi ne uwar rigima.

Hanyar da kuɗin ke bi

Da wuya babbar gidauniya ta miƙa wa mutum kuɗi hannu da hannu. Gidauniyar Liliane ta ƙasar Holan, wadda aka kafa a 1980 don yara naƙasassu, ta hannun ƙungiyoyin cikin gida take aiki. Abilis ta ƙasar Finlan, tun 1998, ƙungiyoyin da naƙasassu ke jagoranta take ba wa. Kowace kuma tana da jerin ƙasashen da ta zaɓa. Wasiƙar da mutum zai rubuta da sunansa, ya lissafo ƴaƴansa da bashin da ake bin sa, yawanci amsarta ɗaya ce: ba ma ba ɗaiɗaikun mutane.

Abin da ake yi shi ne gidauniya ta yi shela cewa za ta ba da kuɗi a kan aiki kaza. Ƙungiyoyi su haɗa dosiye da Faransanci ko Ingilishi, da takardar izini, da asusun banki, da lissafin shekarun baya, da kasafin da ya nuna inda kowace jika za ta shiga. A nan ake fara tankaɗe. Ƙungiyar da ke da biro a Yamai, da mai lissafi, da intanet, ita ke cin gasar. Ƙungiyar mata kurame a Buza ko ta guragu maƙera a Madawa, waɗanda duk takardunsu littafi ɗaya ne na tarin kuɗin mako, ba su ma ji an yi shelar ba. Tsakanin Tawa da Yamai fiye da kilomita 500 ne, amma nisan harshe da na takarda ya fi na hanya.

In kuɗin sun fito, ba duka ke isa hannun mabuƙaci ba, kuma ba duk abin da ya rage a hanya ne sata ba. Akwai albashin ma'aikata, hayar biro, man mota, da mai binciken lissafin da gidauniyar kanta ta wajabta. Jahar Tawa daga Ƙonni har Tasara da Tiliya faɗi gare ta, wasu wuraren arewa ma ba a shiga sai da rakiyar sojoji. Abin da ke ba ni haushi dai shi ne tarurrukan ƙara wa juna sani a otal, inda kuɗin zama da na abincin rana na kwana uku za su sayi kekuna da dama, kuma fuskoki ɗaya ake gani daga wannan taro zuwa wancan.

Wani abin da ba a sani ba: kuɗin a ɗaure suke. In an amince da sayen keken ɗinki 30, ma'aikaci ba shi da ikon ya cire ko jika biyar ya saya wa yaro magani, ko da yaron na gabansa yana suma. In ya yi, a idon mai bincike ya karkatar da kuɗi.

Yadda ake shiga jerin sunaye, da waɗanda ba sa shiga

Nan ne zuciyar maganar. Hanyoyin zaɓe kaɗan ne, kowace kuma da inda take makancewa.

Wani lokaci a ce wa mai unguwa ko hakimi ya kawo suna 20. Ya san mutanensa, gaskiya ne, amma shi ma yana da dangi da surukai da waɗanda ba su gaishe shi. Wani lokaci a tara gari a dandali a ce jama'a su nuna waɗanda suka fi talauci. Wannan ya fi adalci a ido, sai dai kurma bai ji abin da ake cewa ba, wanda ke kwance bai zo ba, matar da ke jin kunyar a ce gidanta ba a ɗora tukunya ba ta yi shiru. Wani lokaci a aiko matasa gida-gida da tambayoyi a salula: rufin ɗakin na mene ne, awaki nawa, sau nawa aka ci abinci jiya. Na'ura ta ba da maki. Gida mai rufin kwano da ɗa ya gina kafin ya ɓace a Libiya sai ya faɗi jarrabawar, alhali ko tiya ɗaya ta hatsi babu a ciki.

Akwai kuma tsohuwar hanya, ta sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare. Waɗannan sarautu sun girmi kowace ONG, kuma sun daɗe suna sasanta mutanensu da raba abin da aka samu. Amma mutanensu su ne waɗanda suka fito gari, galibi masu bara. Naƙasasshen da ya zauna gida yana saƙar igiya ko tabarma, bai taɓa miƙa hannu ba, ba ya cikin littafin sarki.

Wata tsohuwa a unguwarmu tana riƙon jikanta, yaro ɗan kimanin shekara 12 wanda tun haihuwa wuyansa bai tsaya ba, ba ya zama, ba ya magana. Uwar ta sake aure, uban yana bakin teku. Ranar da aka ji ana rubuta suna ta zo mini da wata leda ƙulle a gefen zane.

"Ɗana, an ce ana rubuta marasa lafiya. Ka duba mini, wannan ta isa?"

Katin rigakafi ne, ya yi laushi don tsufa.

"Inna, takardar haihuwarsa fa?"

"A ɗaka aka haife shi, can garinmu. Wa zai ba shi takarda?"

Abin da ake nema shi ne takardar haihuwa, hoto biyu, shaidar likita, da katin ɗan ƙasa na mai riƙonsa. In wa'adin shelar haihuwa ya wuce, sai an bi ta kotu da shaidu kafin a samu takarda. Hoton kuwa sai an ɗauki yaron a goye an kai shi wurin mai hoto, likita ma haka. Kafin mu haɗa rabin wannan an rufe rubutu. Babu wanda ya ci kuɗin yaron nan. Sunansa ne bai taɓa hawa takardar kowa ba, kuma in aka buga rahoto za a ce an cimma kashi 100 cikin 100 na waɗanda aka yi niyya, ba a yi ƙarya ba.

Irinsa su ne suka fi yawa cikin waɗanda ake tsallakewa: masu lalurar ƙwaƙwalwa, masu taɓin hankali, matan da yoyon fitsari ya killace, ƴan mata naƙasassu da ake ɓoyewa. Har cikin naƙasassun ma akwai na gaba akwai na baya. Namiji mai lalurar ƙafa da ya yi lakkol, yana jin Faransanci, shi ke zama shugaban ƙungiya, shi ake kira taro. Ba laifinsa ba ne, amma ba shi ne duka ba. Ƙungiyar da ta san aikinta takan fara ne da biyan kuɗin takardu da na hoto, ta aika mace ta shiga har cikin ɗaka. Wannan aikin ba ya kyau a hoto, shi ya sa ba kowa ke son biyan sa ba.

Abin da ake bayarwa, da abin da ke saura bayan shekara

Keken guragu shi ne sarkin hoto. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce kusan mutum miliyar ɗaya a duniya ba su samun kayan taimakon da suke buƙata, irin su keke, tabarau da na'urar ji, don haka buƙatar gaskiya ce. Amma keke kamar takalmi yake, sai an gwada. Keken asibiti mai ƙananan ƙafafun gaba, wanda aka ƙera don daɓen siminti, in ya shiga rairayin Tawa ko duwatsun Adar, wata uku ya yi yawa. Ya lalace, babu kayan gyaransa a kasuwa, sai ya koma abin shanya. Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda mai walda na gari ya haɗa da kayan keken hawa, ba shi da ƙyalli, amma duk mai faci ya iya shi. Yaro kuma girma yake yi. Keken da ya dace da shi bana zai matse shi baɗi waccan. Gidauniyar da ta ba da keke ba ta ajiye kuɗin gyara da na canji ba, rabin aiki ta yi.

Keken ɗinki da injin markaɗe su ma haka. In an koya wa mata 30 ɗinki a unguwa ɗaya, wa zai kai wa wa ɗinki? Wasu sukan sayar da keken kafin salla, a ce ba su da godiya. Yunwa ce: wanda bai ci ba ba ya riƙe jari.

Inda kuɗin alheri suka fi barin alama, a ganina, shi ne magani da aikin tiyata. Yanar ido aiki ne na mintoci, mutum ya koma gonarsa, yaron da ke masa jagora ya koma karatu. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe, in aka fara ɗaurin filasta da wuri, yakan taka kamar kowa. Asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 irin waɗannan ayyukan yake yi, asibitin Galmi kuma yana nan cikin jaharmu tun 1950. Maganin kuturta kyauta ne a duniya duka tun 1995, da farko da kuɗin gidauniyar Nippon ta Japan, daga 2000 kuma kamfanin Novartis ke bayarwa. Wata 6 zuwa 12 ake sha a warke, in an zo da wuri kafin yatsu su taɓu. Sai dai "kyauta" tana da ɓoyayyen farashi: kuɗin mota zuwa Yamai na mutum biyu, abincin mai jinya, gonar da aka bari a tsakiyar damina. Da yawa a nan suke tsayawa.

Sai kuɗi tsaba. An daɗe ana cewa in ka ba talaka kuɗi zai ɓarnatar. Shirin gwamnati na tallafin gidaje, wanda Bankin Duniya ya fara ɗaukar nauyi a 2011, ya riƙa ba da jika 10 duk wata har shekara biyu, yawanci a hannun mata. Zangonsa na biyu shi ake kira Wadata Talaka. A kan matan wannan shiri aka yi wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2022. An haɗa musu asusun adashi da horo da mai bin sawu, sannan wasu aka ƙara musu jari na jika 80 a dunƙule, wasu aka ƙara musu zaman ƙarfafa zuciya da wayar da kan garinsu, wasu duka biyun. Dukansu sun ci gaba, kuma abin mamaki, ɓangaren ƙarfafa zuciyar, da ya fi arha, ya biya kuɗinsa da kyau. Mu da muka san Mata Masu Dubara, tsarin asusun da aka fara a Maraɗi a 1991, ba mu yi mamaki sosai ba. Binciken a kan gidajen talakawa ne baki ɗaya, amma darasinsa ya fi shafar naƙasasshe, wanda tun yana yaro ake ce masa "kai dai zauna".

Abu ɗaya da masu tsara tallafi ke mantawa: jika 10 a hannun mai lafiya ba daidai take da jika 10 a hannun naƙasasshe ba. Inda wani ya taka da ƙafa, shi sai ya hau kabu-kabu. Makaho yana ciyar da ɗan jagora. Mai farfaɗiya yana sayen magani duk wata. Uwar yaron da ba ya zama ba ta zuwa kasuwa, don haka gidan ya rasa hannu biyu, ba ɗaya ba.

Sadaka ce ko haƙƙi?

A nan shugabannin naƙasassu da masu ba da taimako suke saɓawa. Shugabannin suna cewa tun 1993 Nijar ke da dokar kare naƙasassu, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, ta sake sabuwar doka a 2019. Doka ta ce wurin aikin da ke da ma'aikata 20 ko fiye ya keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben. In an aiwatar da wannan, in lakkol da gidan likita da meri suna da hanyar da keke zai hau, in akwai malamin da ya iya rubutun makafi da maganar hannu a kowace jaha, buhun shinkafa na ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, ba zai zama labari ba. Suna kuma cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a daina tsara musu abu ba da su ba. Tsoronsu shi ne yawan sadaka ya zame wa hukuma hutu.

Masu taimakon su kuma suna cewa doka ba ta cika ciki yau. Wanda bai karya kumallo ba ba zai jira a gyara matakalar meri ba. Dukansu suna da gaskiya, amma ni na fi karkata ga na farko, don mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun 2024, kuma gurbin aiki ɗaya, ko na wannan albashin ne, ya fi duk wani tallafi da na taɓa gani daɗewa. Gidauniya tana iya tashi gobe ba ta yi wa kowa laifi ba. Hukuma ce kaɗai ake iya tsarewa a ce mata doka ta ce.

Batun bara ma yana shigowa nan, kuma ana cakuɗa shi. Da aka kwaso ɗaruruwan ƴan Nijar masu bara daga Dakar a 2022, galibinsu mata ne da yara daga jahar Damagaram, ba naƙasassu ba. Talauci da naƙasa suna tafiya tare, amma ba tagwaye ba ne, kuma maganin ɗaya ba lallai ya yi wa ɗayan ba.

Abin da ya canza tun 2023

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙasashen Yamma da dama sun dakatar da taimakonsu ga gwamnati. Hukumomi kuma sun ƙara sa ido a kan ƙungiyoyi: a Nuwamban 2024 an janye izinin ƙungiyar Acted ta Faransa, a Fabrairun 2025 aka umarci kwamitin Red Cross na duniya, CICR, ya bar ƙasar, shi kuwa yana cikin masu tallafa wa aikin ƙera ƙafafun roba a Yamai. A shekarar 2025 ɗin ne kuma Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID. Gwamnati na cewa ƙasa mai ƴanci dole ta san wa ke shigowa, da kuɗin wa, yana yin me. Ma'aikatan agaji na cewa giɓin da aka bari talaka ne ke faɗawa ciki. Ga mai neman tallafi dai sakamakon ɗaya ne: ƙofofi sun ragu, masu layi sun ƙaru, balle bayan ambaliyar 2024 da ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya.

Wannan ya sa ido ya dawo gida. Tawa ba ta rasa masu hali ba, ga ƴan kasuwa, ga ƴaƴanta da ke Abijan da sauran garuruwan bakin teku. Abin da suke fitarwa a watan azumi ba kaɗan ba ne. Sai dai rabo ne na ƙofar gida, wanda mai ƙarfin turereniya ke samu, kuma yana ƙarewa ranar salla. Shago biyu ko uku da aka yi waƙafinsu, hayarsu na biyan maganin masu farfaɗiya ko gyaran kekuna duk wata, da littafin da kowa zai iya dubawa, shi ne gidauniya a ma'anarta ta asali, kuma ba ya buƙatar dosiye da Faransanci.

Masu ci da sunan gidauniya

Inda ƙofar gaskiya ta yi ƙunci, ta ƙarya ke buɗewa. Saƙon murya ya zagaya WhatsApp: wata gidauniya daga ƙasashen Larabawa za ta ba kowane naƙasasshe jika 200, a tura jika biyu na buɗe dosiye zuwa lamba kaza kafin Juma'a. Ko wani ya zo da jaka da kati rataye a wuya, ya karɓi katin ɗan ƙasa da hoto da "kuɗin fom". Ko a kira a ce ka ci, faɗo lambobin da suka shigo salularka yanzu.

Gidauniyar gaskiya ba ta karɓar kuɗi kafin ta ba da tallafi, ba ta neman lambar sirrin asusu, ba ta gaggauta mutum. Ƙungiyar da ke aiki bisa ƙa'ida tana da takardar izini, kuma meri da ofishin kula da jin daɗin jama'a na jaha sun san da zuwanta. Tambaya ɗaya a can, ko a reshen ƙungiyar naƙasassu, ta isa ta bambance. Kuɗin da ya halatta mutum ya kashe su ne na takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa da shaidar likita, kuma gara a yi su tun ba a ji an fara rubuta suna ba. Takardar jikan tsohuwar nan ta fito daga baya, tana cikin ledar tare da katin rigakafin, Inna kuma duk wanda ta gani da farar mota sai ta aiko a tambaye ni ko su ne.